Haƙori Ɗaya Ya Raba Ni Da Keken Ɗinkina

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Durun ta ƙasar Kabo, ina ɗinki a cikin gida da kekena na ƙafa. Na yi wayo a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ko sabulu sai an bi layi, don haka na tashi da cewa asibiti na wanda ciwo ya kayar ne. Haƙori kuwa a wurina kayan aiki ne. Da shi nake tsinke zare, da shi nake riƙe allura, ga alewa da ba ta rabuwa da bakina in ina kan keke. Asuwaki sai ranar da na tuna.

Da haƙorina na tauna ya fara kogo, wadda ta fara lura maƙwabciyata ce, wata malamar firamare Kirista 'yar Filato da nake yi wa ɗinki. Ta ga na sha ruwan randa na dafe kunci. Ta ce in shirya ta raka ni asibiti a Gwarzo a cike kogon tun yana ƙarami, ita ma an cike mata, kuma abin da ta biya bai kai kuɗin ɗinkin atamfa biyu ba. Na ce Malama Allah ya kai mu, a zuciyata kuwa ina cewa masu albashi ba su san zafin kuɗi ba. Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, mata suka yi ca a kan hijabi, yadudduka suka cika min ɗaki har daga garin Gammo. Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba, sai na ga asara ce in bar keke yini guda saboda haƙori. Ya motsa in cusa kanumfari, ya lafa in ci gaba.

Ranar da ya ƙi jin kanumfari, aka kawo min wani mai cire haƙori da ke zaga kasuwanni, ya ce kuɗinsa kaɗan ne kuma yanzu-yanzu za a gama. Ya sa ƙarfe ya ja, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna ciki. Kwana uku fuskata ta kumbura har ido ya rufe, zazzaɓi ya rufe ni, ko cokali ba ya shiga bakina. Maigidana yana cewa a jira kumburin ya nuna ya fashe da kansa. Da Malama ta shigo ta gan ni, sai ta fita zaure ta same shi, ta gaishe shi, ta ce Malam wannan ba na jira ba ne, in ba a tafi yau ba a shirya likkafani. Da kanta ta tsayar da mota a bakin titi. Daga Gwarzo aka tura mu Kano, likita ya ce mugunya ta gangara wajen maƙogwaro, saura ƙiris ta toshe min numfashi.

An tsaga ƙarƙashin haɓata, na yi kwana goma sha ɗaya a gado. Awakina biyu suka tafi a kuɗin asibiti, ba su isa ba, aka sayar da keken. Yaduddukan mutane kuwa aka mayar musu yadda suka kawo, suka kai wa wasu teloli. Na yi kuka a kan keken nan fiye da yadda na yi a kan ciwon. A daidai lokacin 'yan'uwan Malama suna ta aiko mata ta koma gida saboda fargabar abin da Shari'a za ta zo da shi, amma ta zauna, tana dama min kunu tana kula da 'ya'yana. Da na warke ta kawo min keken hannu da ta saya ba ta taɓa koyonsa ba, ta ce in yi ta amfani da shi har in tsaya da ƙafata. Shekara biyu na yi kafin in sake mallakar nawa. Har gobe ina yi mata fatan alheri, ina kuma gode wa Allah da ya bar ni na ga auren 'ya'yana.

Abin da na koya shi ne, rowar da mutum ya yi wa jikinsa sai ya biya ta ninkin-ba-ninkin. Yanzu safe da yamma kowa a gidana yana goge baki, duk shekara kuma ina kai su a duba, ko babu mai ƙorafi. 'Yan'uwana mata, musamman masu sana'a da ke ganin ba su da lokaci, kada ku miƙa bakinku ga ƙarfen ɗan kasuwa. Wadda ta ji haƙorinta ya fara yi mata magana, ta je asibiti da ƙafarta tun kafin a ɗauke ta ranga-ranga.