Ƙyallayen Baba Sale

Mun tashi da asuba daga Kano a motar Yola, ni da ɗan kawuna mai fataucin atamfa. Shi dila biyu zai kai Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya. Ni kuwa jaka ɗaya ce, a ciki akwai kaya kala uku da takardar digirina ta ilimin kula da ɗakin karatu, wadda na sa aka liƙa wa leda don kada ruwa ya taɓa ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a laburaren wata kwaleji, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da wannan takarda.

Ga abin da ya tayar da ni. Kawuna ya daɗe a unguwar Kilomita Biyar ta Bangi, kuma shi ne shugaban kwamitin wani ɗan ɗakin karatu na unguwar. Wata ƙungiyar agaji ta yi alkawarin gyara musu rufi da kawo kujeru, amma da sharaɗin mai kula da wurin ya zama mai digiri. Wanda ke kula da shi kuwa wani tsohon tela ne, Baba Sale, karatunsa allo ne da aji uku na makarantar Faransanci. Aka ce in zo in duba in rubuta rahoto, a bar shi ko a sallame shi. Tun kafin mu wuce Wudil na gama rubuta rahoton nan a kaina.

Kwana biyar muka yi a hanya. Daga Yola muka tsallaka Garwa, muka gangara Ngaundare, sannan Garwa-Bulai, inda Kamaru ta ƙare. Daga nan muka bi ayarin manyan motoci. Ƙasa ja wur, daji kore shar, ruwan sama kuma ba ya sallama kafin ya sauko. Abarba uku sefa ɗari biyar, sai da na sake tambaya don na ɗauka ban ji daidai ba. Shingaye kuwa na daina ƙirgawa. A wani shinge da aka ce kowa ya fito da takardunsa, sai na haɗa da digirin, wai ko a san ba ƙaramin mutum aka ɗauko ba. Jami'in ya juya ta, ya yaba ledar, ya miƙo mini, ya ce katin rigakafi yake so. Ɗan kawuna bai daina dariya ba har Buwar. A Buwar ɗin ne kuma ƙarfen mota ya kama rigata ta shadda ruwan toka ya yage gefenta, ita ce kuwa na tanada don ranar taron kwamiti.

Da hantsi muka shiga Kilomita Biyar. Titin Koudoukou ya tuna mini Kantin Kwari, sai dai a nan 'yan acaba sun fi gaggawa, 'yan canji kuma na zaune da damin sefa a hannu kamar masu sayar da alayyahu. Za ka ji an fara magana da Hausa, an bi ta Sango, yaren ƙasar, an ƙare da Faransanci, ciniki kuma ya faɗa. Jikokin kawu da na gaishe su da Hausa, sai suka amsa da Sango suna kallon bakina. Aka kawo mini gozo da ngunza, wato tuwon rogo da miyar ganyen rogo. Na fara ci don kunyar matar kawu, na ƙare ina neman ƙari. Gasasshen naman unguwar kuma, a yi haƙuri da ni, ya kama ƙafar tsiren gida.

Washegari aka kai ni ɗakin karatun. Shago ne mai ɗaki biyu, ba nisa da babban masallaci. A gaba keken ɗinki, a ciki kantoci. Baba Sale siririn dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare, ya tarbe ni da fara'a yana ce mini Malam. Da na leƙa ciki sai da kaina ya sara. Littafin fiƙihu na jingine da littafin gyaran injin mota na Faransanci, kusa da su labarin soyayya na Hausa, sai lissafin 'yan aji huɗu. Ba rajista, ba lamba, ba kati. Wasu kantocin sun manne da bango mai danshi, gara ta fara hanya a ƙasa. Kuma kowane littafi da ɗan ƙyalle a cikinsa yana reto, na atamfa, na shadda, na yadi. Baba ya buɗe baki zai yi bayanin ƙyallayen, na tare shi da lacca a kan yadda tsumma ke jan laima da ƙwari. Ya saurara har na gama.

Ranar Laraba ya tafi gaisuwar mutuwa a unguwar Kokoro, ya bar mini makulli, ya kuma karɓi yagaggiyar rigata ya ce zai duba ta. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na jawo ɗan kawuna, muka sauke littattafai kusan ɗari shida. Na zare ƙyallayen kaf na zuba a buhu, na jera addini a gefe, kimiyya a gefe, adabi a gefe, kamar yadda aka koya mana. Ɗan kawuna ya ɗaga wani ƙyalle ya ce wannan atamfar an fi shekara goma da daina buga ta, anya babu dalilin ajiye ta? Na ce masa ya tsaya a kan atamfa, ya bar mini littafi.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon kantocin. Ina jiran yabo.

“Bon, to, Malam,” ya ce a hankali, “ina ƙyallayena?”

Na nuna masa buhun. Ya zauna a kan kujerar kekensa, ya cire gilashi ya goge, sannan ya ba ni bayanin da na hana shi yi tun farko. Lokacin rikicin da ya watsa unguwar, mutane sun gudu Cadi da Kamaru a kan manyan motoci, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka. Littafi nauyi gare shi, sai gida-gida suka riƙa kawo masa amana. Shi kuwa shekara arba'in yana yi wa unguwar ɗinki, kuma ba ya zubar da ragowar yadi. Duk gidan da ya kawo littattafai, sai ya nemo ragowar kayan da ya taɓa ɗinka musu, ya yayyanka ya sa a ciki. Kowace kanta gida ce. Masu su sun yarda a karanta, amma ba su bayar ba. Gida arba'in da uku na hautsina a wuni ɗaya.

“Kuma ran Asabar,” ya ce, “'yar marigayi Malam Idi za ta iso daga Jamena, ta karɓi na babanta.”

Jama'a, na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Na ce, “Baba, ka yafe mini.” Ya ce yafiya mai sauƙi ce, aikin ne mai wuya, in zo da sassafe da biro.

Alhamis da Juma'a muka yi su a tsugune a kan tabarma, ba mu tashi sai salla da cin abinci. Sai in miƙa masa littafi, ya juya shi, ya shafa bangon, wani lokaci har ya shinshina. Wannan na gidan mai sayar da turare ne, ji ƙamshin. Wannan mai tabon man ja na gidan direban nan ne da ke Duwala yanzu. Wannan shi da kansa ya ɗinke masa baya da baƙin zare a shekarar da aka haifi 'yan biyun gidan. Yana faɗa, ɗan kawuna na tono ƙyallen daga buhu, ni kuma ina rubutawa a babban littafin rajista da na sayo a kasuwa. Masu zuwa aron littafi suka mayar da mu abin kallo. Wata malamar makaranta ta tambaye shi da Sango ko wane ne ni, ya amsa mata, duk aka fashe da dariya. Daga baya aka fassara mini, wai cewa ya yi sabon ɗalibinsa ne daga Najeriya, yana da ƙoƙari, sai dai gaggawa.

Amma kan Baba ma yana da iyaka, kuma shi ya fara faɗa. Littafi goma sha tara suka rage a tabarma, ya juya su ya juya, ya ce idonsa da ƙwaƙwalwarsa sun tsaya a nan. A nan ne karatuna ya yi rana. Na bi su shafi-shafi. Shida juzu'ai ne na littattafan da muka riga muka san gidansu. Wasu na ɗauke da hatimin kantin littattafai ɗaya da na wani gida. Wasu kuma rubutun gefen shafi ne ya tona su, don na gwada hannun da na wasu littattafan na ga iri ɗaya ne. Baba na kallona ta saman gilashi, ya ce ashe takardar tawa ba ta ado ba ce kawai. Kafin magaribar Juma'a saura ɗaya tak, wani ɗan littafin koyon karatu na Hausa marar bango, babu suna, babu tabo, babu komai.

Ran Asabar baƙuwar ta iso, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, da goyo a bayanta. Baba ya nuna mata kantar gidansu, littafi ashirin da biyu. Ba littattafan ta fara taɓawa ba, ƙyallen ta kama, wata koriyar atamfa mai zanen tsuntsaye. Ta ce zanen sallar mahaifiyarta ne, na ƙarshe da aka ɗinka mata a Bangi. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, mu kuma muka fita waje muka ba ta wuri. Ina tsaye a bakin titi ina tunanin da Baba ya kwana biyu a Kokoro, ko da ya riga mu gidan gaskiya, me zan miƙa wa matar nan? A ƙarshe littafi uku ta ɗauka da ƙyalle ɗaya, ta ce sauran su zauna a ci gaba da karantawa, lada ya kai wa babanta.

Ranar taron kwamiti Baba ya kawo mini rigata a goge. Ya gyara yagar tsaf, sai dai na ga ta ɗan ɗage. Ya jawo ɗan littafin nan marar bango, sai ga ƙyallen shadda ruwan toka na reto a cikinsa.

“Wannan na gidanka ne yanzu, Malam,” ya ce. “Kai ka raba shi da mai shi. Yana wuyanka har a samo shi.”

Da ɗagaggiyar rigar na tsaya gaban kwamiti da wakiliyar ƙungiyar. Na faɗi gaskiyar abin da na gani, har da ɓarnar da na yi. Na ce wurin na buƙatar abin da ake koya a makaranta: a janye kantoci daga bango, a ɗaga su daga ƙasa, a kashe gara, a ci gaba da rajista, domin abin da ke kan mutum ɗaya yana iya tafiya da shi. Amma na ce in aka kawo mai digiri aka sallami Baba, an kawo wanda zai yi abin da na yi ran Laraba. In takarda ake so a fayil, ga tawa, a rubuta ni mai ba da shawara daga nesa, malamar makarantar nan kuma ta yarda za ta riƙa cika rajista. Wakiliyar ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, za ta kai sama. Haka na baro Bangi da zullumi a raina.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, ko don na bar digirin a ƙasan jaka ne. Kwana tara da isowata Kano kawu ya bugo waya ya ce an amince, Baba Sale na nan a kujerarsa, har an fara sauke kwanon rufi. Na yi hamdala a tsakiyar laburarenmu da ƙarfin da ya sa ɗalibai suka ɗago kai, ni da ke hana su ko tari.

Masu tambayata ko sai da digiri ake zama ma'aikacin ɗakin karatu, ga abin da na gano a tafiyar nan. Digiri ya koya mini inda littafi zai zauna da yadda zai daɗe, kuma ban raina shi ba, shi ya mayar da littafi goma sha takwas gidajensu. Amma bai koya mini in tambayi na wane ne kafin in taɓa ba, wannan a wurin tela na koya. Rajistar da na bar musu tana da layin da babu shi a tsarin da aka koya mana, na sa masa suna “gidan wa”. An cika shi daga sama har ƙasa, ban da wuri ɗaya.

Maiɗakina ta ce rigar ta yi mini gajarta, in bayar da ita. Na ce a bar mini abata, ragowarta na Kilomita Biyar tana jiran mai littafi. In akwai wanda ya bar ɗan littafin koyon karatu marar bango a hannun wani tela a Bangi, ya neme ni, amanarsa na wuyana.