Na ɗauka Faransancina ne ya gudu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba. Masu cewa Hajiya Rabi ta yi kuɗi ta daina kula mutane, na yafe muku, ba ni da ƙarfin faɗa.

Kunnena ne yake mutuwa a hankali, ban sani ba.

A rumfata ta atamfa a kasuwar Adjamé, nan Abidjan, abin ya fara. Mai saye ya yi magana, in ce ya maimaita. A gida yara su yi ta surutu, ban kama komai ba. Sai na ce ai dama Faransancina na kasuwa ne, tsufa ya kwashe ɗan abin da ya rage. Har faɗa nake musu su daina yi mini Nouchi, Faransancin 'yan titi. Wa zai kai kansa asibiti don bai gane Faransanci ba?

A Hausa kuwa gaisuwa ce ta rufa mini asiri. Kowa ya buɗe baki, in ce lafiya lau, in wuce.

Inda abin ya ci ni shi ne wayar Inna. Mahaifiyata tana Katsina, ta tsufa, ba ta karatu, murya ce kaɗai tsakaninmu. Ta kira, in ji kamar daga cikin tulu take magana. Na zagi rezo, wato sabis ɗin waya, har na gaji. Daga baya na daina ɗauka, don na gaji da "Na'am? Me kika ce?" Ƙanena ya rubuto mini cewa Inna ta ce Abidjan ta cinye mata 'ya. Na sha kuka ranar.

Ga jiri, ga ƙishirwar da ba ta ƙarewa. Ranar da na sauka daga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, a Bracodi, mai babur ya yi ta hon a bayana ban ji ba, ya goge ni na faɗi, 'yata Nafisa ta ce ya isa haka.

Asibiti a Treichville. Layi tun safe ba ci ba sha, a ɗebi jini, a ce dawo gobe. Aka sa ni wani ɗan ɗaki da abu a kunne, wai in na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira, ashe an daɗe da farawa. Nan tsoro ya kama ni sosai.

Likita ya yi bayani, Nafisa ta matso daf da kunnena.

"Maman, ya ce ba français ɗinki ba ne. Suga da tension ne suka daɗe suna cin jijiyoyin kunnen."

Yanzu kullum magani. An raba ni da alloco, soyayyar ayabar nan, da shayi mai zaƙi. 'Yar na'urar ji da suka maƙala mini a kunnen dama ta cinye rabin jarina, kunnen hagu kuma likita ya ce kada in sa rai. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba.

Nafisa, Allah Ya yi miki albarka. Maƙwabtana na Belleville da suka riƙe mini rumfa, Allah Ya saka. Ku kuma, in kun ga kuna yawan cewa a maimaita, kada ku ɗora wa yare ko rezo. Ku je a duba kunnen, a auna suga da hawan jini tare.

Jiya na kira Inna.

"Rabi, sai yau kika tuna kina da uwa?"

Ta yi ta faɗa har katina ya ƙare. Ban kare kaina ba, ban katse ta ba. Duk abin da ta faɗa, na ji.