Fiton motar Fannami

Duk wanda ya taɓa sayen ɗanyen kifi a kasuwar Haɗeja ya san jar motar Malam Fannami, ko da bai san mai ita ba. Ƙirar Jamus ce, ƙarama, irin ta 'yan tsere. Ɗansa Zaharaddeen ya shigo da ita daga Kwatano don ya sayar, aka rasa mai saye saboda giyar hannu gare ta. Fannami, wanda ya tsufa yana jigilar kifi daga Auyo, ya zauna a ciki don ya ji abin da mutane ke tsoro. Bai ƙara fita ba.

Mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Ya lura cewa in ya taka totur, motar takan yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan wani siririn fito ya taso daga inji, ta zabura. Bakanike ya ce masa turbo ke nan, mai hura wa inji iska. Fannami ya yi ta gwaji a hanyar Auyo har ya gane halinta. In ya canza giya kafin fiton ya nuna, sai ta yi sanyi kamar jakin da bai karya ba. In ya bari fiton ya wuce, sai ihu kawai ba ƙarin gudu. Akwai wani ɗan tsakani da fiton ke cika, a nan yake taka kuloci. Allurar da ke nuna juyin inji ta mutu tun a Kwatano, shi kuwa ko a jikinsa, kunne ya ishe shi.

To, kunnen ne ya fara tafiya. Da fari ya zargi motar, ya sa aka kwance mata bututu aka mayar. Lafiyarta ƙalau. Sai ya shiga canza giya da ka, motar tana kuka tana fizga, har masu kifi suka kai wa Zaharaddeen labari.

"Baba, ka huta haka nan," in ji ɗan. "In ta sake kuka a hannunka, zan karɓi makullin."

Abin ya yi wa Fannami ciwo ƙwarai. Ba kifin ya dame shi ba, zaman tabarma yake tsoro.

Ranar Asabar matarsa Zainaba ta ce ya kai ta suna Auyo, Zaharaddeen kuma ya ce zai raka su, kowa ya san dalili. Ya naɗe ƙafafu a kujerar baya, uwar ta zauna gaba. Ita ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba.

Suka fita daga gari, shinkafa shar dama da hagu. Fannami ya taka totur a lamba biyu, ya kasa kunne, bai ji komai ba. Sai ya ji an taɓa masa gwiwa ta ƙarƙashin mayafi. Ya taka kuloci, ya sa lamba uku, motar ta miƙe sumul. Can aka sake taɓawa, ya sa ta huɗu. Har Auyo ba ta yi kuka ba. Zaharaddeen ya sauka yana sosa ƙeya, ya wuce rumfar maza.

Fannami ya bar injin yana aiki a hankali don turbo ya huce, kamar yadda ya saba, yana kallon matarsa.

"Wa ya koya miki?"

Ta matso kusa da kunnensa. "Kai mana, Malam. Tun daga kan kwana nake jin motarka kullum. Da fiton nan nake ɗora maka ruwan wanka."

"Ashe kin san na daina ji?"

"Tun damina." Ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofa. "Gobe da asuba ka tashe ni, tare za mu ɗauko kifin."