Malam Dabo, Har Yau Ba Mu Ga Fatar Ba

Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu na 1941, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Malam Dabo, malamin dabbobi na ƙasar Minna, ya cika a gidansa da ke Ƙetaren Gwari bayan jinyar kwana takwas. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa. Ni ne Ya'u, ɗaya daga cikin mutum shida da yake koya wa aikin duba shanu a sansanin allura na Maikunkele. Ina rubutun nan ranar sadakar bakwai. Ba baƙin ciki kaɗai ke damuna ba, Malam, har da tsoro. Ciwon da ya kashe ka yana nan naɗe cikin wata fatar saniya da ta kuɓuce mana, kuma ba mu san gidan da ta shiga ba.

Wata bakwai muka yi a gabanka. Ba da littafi ka fara mana ba, da hanci ka fara. Ranar farko ka kai mu garken da cutar bushiya ta faɗa wa, ka ce mu shaƙa mu riƙe, domin hanci zai riga ido gane ta. Na zagaya bayan wata ɗorawa na amayar da kokon da na sha. Ka biyo ni da buta kana dariya, kana cewa ashe ɗan mahauta ma yana da ƙyanƙyami. Daga ranar sunana ya koma Sarkin Fawa a bakinka. Ka nuna mana yadda sammore ke cin saniya a tsaye har ta koma ƙashi da fata, da yadda mai ciwon huhu ke ware ƙafafun gaba tana tari ƙasa-ƙasa. Ciwon harbin daji kuwa sai da ka kama yatsana ka danna a kumburarriyar cinyar maraƙi, na ji tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Abokin karatunmu Shekwolo Hausarsa ba ta nuna ba a lokacin. Kai ka riƙa tsayawa da shi bayan an tashi, kana tambayarsa sunan kowane ciwo da yarensu kana rubutawa, har ya daina jin nauyin buɗe baki a cikinmu. Ba mu taɓa komawa gari da yunwa ba, don kwanon da maiɗakinka Inna Hajjo ke ɗaura maka a bayan keke a suna ne kawai na mutum ɗaya.

Ciwo ɗaya ne ba ka taɓa yi mana wasa a kansa ba, shi ne ciwon saifa. Ka ce saniya za ta kwana lafiya tana tuƙa, kafin rana ta take ta faɗi, ciki ya kumbura, baƙin jini yana tsattsafowa ta hanci. Ka ce yana kama mutum ta nama, ta fata, ta jinin da ya taɓa rauni, kuma yana zama cikin ƙasa shekara da shekaru yana jira. Ka maimaita mana har muka haddace: wadda ake zargi da saifa ba a sa mata wuƙa, a ɗan ɗebi jini a kunne a kai wa likita, sauran a ƙone a binne. Na rubuta wannan da hannuna, Malam. Yana nan a littafina, shafi na goma sha ɗaya.

Asabar, uku ga wata, ka tura ni ni kaɗai rugar Ardo Altine da ke hanyar Gwada, in duba maruƙan da muka yi wa allura. An yi ruwa biyu, ciyawa ta fara tsirowa. Ina cikin aikina aka yi kururuwa, wata jar saniya ta faɗi tana karkarwa, cikinta ya tashi. Mutane suka kewaye ta, kowa yana cewa a kai mata wuƙa kafin ta zama mushe. Ardo ya waiwayo ya ce, “Malam, me ka gani?”

Ba a taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Kaina ya yi girma. Ga shi kuma a gidanmu na tashi ina ganin mahaifina yana barin tuwo a hannu ya ruga, don kada dabbar maƙwabci ta mutu ba a ambaci sunan Allah a kanta ba. A wurinmu barin saniya ta zama mushe alhali ga wuƙa a kusa abin kunya ne, kusa da zunubi. Na ce kumburin sabuwar ciyawa ne, a yanka. Aka yanka. Jinin ya fito baƙi ƙirin, ya kwanta a ƙasa ya ƙi daskarewa. Na gani, gabana ya faɗi, amma na yi shiru, domin na riga na yi magana a gaban manya. Aka feɗe ta, aka kasa nama aka aika bukka-bukka. Wani baƙo mai jaki da ya ratso ya taya fiɗa, aka ba shi fatar ladan aikinsa, ya naɗe ta ya yi gaba.

Ka iso da azahar. Ba ka ko jingine keken ba, ka sake shi ya faɗi, don idonka ya sauka a kan saifar da aka ajiye cikin ƙwarya. Ta ninka girmanta sau uku, baƙa, tana narkewa. Na kai hannu zan ɗauka, ka buge mini hannu da ƙarfin da har yau nake jin zafinsa. Kai da kanka ka bi bukkokin nan ɗaya bayan ɗaya, kana ba matan rugar haƙuri da Fillanci, kana juye tukwanen da aka riga aka ɗora. Ka tattara naman da hannunka, hannun da igiyar wani bijimi ta ji wa rauni kwana ɗaya kafin nan. Muka haƙa rami, aka zuba itace da kananzir, aka ƙone, aka rufe, aka kewaye da ƙaya. Amma kafin a zuba a ramin sai da ka ƙirga ƙafa huɗu, kai, kayan ciki, sannan ka ɗago ka ce, “Ina fatar?” Ba wanda ya san ko sunan mai jakin.

Ba ka kai ƙarata ba. A hanya abin da ka ce kawai shi ne, “Sarkin Fawa, yau ka ga saifa. Ba za ka sake mantawa ba.”

Kwana uku bayan haka wani ɗan ƙurji ya fito maka a wuyan hannu, yana ƙaiƙayi, ba ya zafi. Tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi. Da ka dawo daga asibiti, inda likita ya wanke ya ɗaure ya ce sauran na Allah ne, sai ka aika aka kira mu, mu shida. Ka kwance ƙyallen, hannu ya kumbura har kafaɗa, zazzaɓi yana kaɗa ka, ka ce, “Ku matso ku duba da kyau, kada ku taɓa. Haka yake a jikin mutum. Ba kullum za ku sami mai nuna muku ba.” Shekwolo ya fashe da kuka. Ni na kasa ɗaga kai, hawaye yana zubo mini. Da za mu fita ka tsayar da ni ka ce, “Bar kukan nan, ba shi nake so ba. Nemo fatar.”

Na nema, Malam. Sau uku ina zuwa Gwada. Na bi majema, na bi masu sayen ƙirgi, wato fatar shanu, na tsaya a bakin rijiyoyi ina duban gugan fata na mutane kamar mahaukaci. In na ga mace tana babbakar ganda sai in tsaya in tambayi inda ta samo ta. Yau kwana goma sha takwas ke nan. Don haka nake roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, ya karanta wa wanda ba ya karatu. Fatar ja ce, da farin tabo a gadon baya, da shaidar wuta a cinyar hagu. Mai ita dogo ne, jakinsa fari mai yankakken kunne. Wanda ya gan ta kada ya taɓa, kada ya jeme, kada ya ci, kada ya shimfiɗa wa yara. Ya aiko Maikunkele a kira Ya'u. Jiya wani falke ya ce mini a wani ƙauye gaba da Gwada akwai magidancin da wuyansa ya kumbura, da 'ya'yansa biyu a kwance. Gobe da safe zan tafi. Ina jin tsoron abin da zan tarar, kuma babu kai da zan waiwaya in tambaya.

Inna Hajjo, na zauna a zaurenki kwana bakwai ina karɓar gaisuwa tare da dangi, kina aiko mini da fura, ba ki san ni ne na ce a yanka ba. Malam ya rufa mini asiri, amma ba zan iya ci gaba da shan furarki a kan haka ba. Ki gafarce ni idan za ki iya. Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'yarki Rahmatu da ƙannenta, ya raya su, ya zama gatansu.

Allah ya jiƙan Malam Dabo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya saka masa da Aljanna saboda kowace tukunya da ya juye a rugar nan. Allah ya tsare baƙon nan da bai san abin da ya ɗauka ba, shi da iyalinsa. Ya Ubangiji, ka sa in riski fatar nan kafin a haƙa wa wani kabari saboda maganar da ta fito daga bakina. Amin.