Zalɓen Bayan Dutse Alhaji

An taɓa kama ni a bayan Dutse Alhaji, aka ce ni infoman masu satar mutane ne. Hoton tsuntsu ɗaya ne ya fitar da ni. Har in koma ga Allah ba zan manta da wannan safiya ba.

Ni mai hoto ne. Ban yi boko ba, a tashar Utako na koyi sana'ar, ina ɗaukar fasfo da hoton biki. Sai hatsarin mota ya rutsa da mu a Uke. A layin kujerarmu ni kaɗai na tashi, kuma na tashi babu yatsu biyu a hannun dama, sauran suna rawa ba tsayawa. Masu biki suka daina kirana, wayar hannu ta cinye ragowar cinikin. Ban roƙi kowa ba. Kyamarata dai na ƙi sayarwa.

Ina da aboki a kasuwar Utako, mutumin Filato, yana sayar da kayan hoto na gwanjo. Wata rana ya zaro wani gilashin kyamara daga ƙarƙashin teburinsa. Gajere ne, mai kauri kamar gwangwanin madarar gari, da wani baƙin faifai a tsakiyar fuskarsa. Ya ce madubi ne a cikinsa, haske ya shiga ya bugi madubin ya dawo, shi ya sa yake gajere amma yana janyo abin da ke can nesa har gaban hancinka. Ba ya saita kansa, da hannu ake murzawa, kuma sai da rana mai ƙarfi yake aiki.

"Oga, kowa ya karɓa sai ya dawo min da shi," in ji shi. "Ka je ka gwada a kan tsuntsaye. Masu otal suna neman irin hotunan su rataya."

Na ɗaga masa hannuna. "Da wannan?"

"Ba allura na ce ka zura wa zare ba. Dannawa kawai za ka yi."

Na karɓa don kada ya ce na ji tsoro.

Bayan unguwarmu akwai wani tafki a gindin duwatsu, a ƙetarensa kuma sababbin gidajen manyan ma'aikata. Can na tafi da hantsi, na haye dutse na kwanta rub da ciki. Ban gaida kowa ba, ban gaya wa kowa ba. A lokacin kuwa an addabi hanyar Bwari da ɗauke mutane, kowa a tsorace yake kwana. Yanzu da na tuna, ko ni na hango baƙo a kan dutse ya saita abu baƙi wajen gidana, ba zan tsaya tambayar sana'arsa ba.

Gilashin bai yi ƙarya ba. Na leƙa na ga idon balbela kamar in sa yatsa in taɓa. Amma yadda yake janyo tsuntsu haka yake janyo rawar hannu. Tsuntsun ya yi ta tsalle a cikin ramin leƙawa kamar an sa shi a rariya. Na danna, dishi-dishi. Na sake, dishi-dishi. Balbelun suka tashi ta saman gidajen, na bi su ina dannawa don haushi. Ina cikin haka na ji bakin bindiga a ƙeyata.

'Yan sintiri ne. Shugabansu dattijo ne mai bindiga ƙirar gida, sauran riƙe da gora. Kafin su sauko da ni mutane sun taru. Wani mai jar hula a cikinsu ya fizge kyamarar ya shiga duba hotunan.

"Ina tsuntsun da ka ce? Baba, duba nan! Gidajen mutane ne, har ya yi musu alama!"

Na leƙa. Balbelun ba su fito ba sai farin hazo. Abin da ya fito shi ne rufin gidaje, kuma duk inda rana ta ƙyalla a kan kwano an samu farin zobe, zagayayye, da rami a tsakiya. Zobba rututu, kamar an bi gida-gida da alli. Abokina bai gaya min ba cewa haka gilashi mai madubi yake yi wa duk wani ƙyalli da ba a saita a kansa ba. Ni ma ranar na fara gani.

"Wa ya aiko ka?" in ji dattijon.

"Ba kowa."

"Zobban fa?"

Na dubi fuskar gilashin, na ga baƙin faifan nan a tsakiya da haske kewaye da shi. Siffar zoben ke nan sak. Na ce, "Gilashin ne ke yin su."

"Gilashi ya san gidan darakta?" in ji mai jar hula. Wani daga baya ya ce a duba hannuna, ai bindiga ce ta cinye yatsun. Na ga mutane sun fara sunkuyawa suna tsintar duwatsu. Na san wannan sunkuyon. In dutse na farko ya tashi, babu mai tsayar da sauran.

Ban iya dogon bayani ba. Na ce, "Baba, ga zalɓe can a bakin ruwa. Ka bar ni in ɗauke shi a gabanka. In zobban ba su fito a kan ruwan ba, ku yi abin da za ku yi."

Ya kalli tsuntsun, wanda daga inda muke bai fi tsinke ba. Ya ce a miƙo min kyamarar.

Sai dai hannun da ke rawa da lafiya, ina ga an kewaye shi da gora? Ya kama kaɗawa kamar ganye. In hoton ya sake fita hazo, shi ke nan. A gefe akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi da ƙaramin buhun dawa a kafaɗa, yadda matansu ke ɗaukar kaya, za ta kai niƙa. Tun hatsarin ban nemi taimakon kowa ba. Ranar na nema.

"Mama, ara min buhunki."

Ta sauke ba musu. "Ɗauka, ɗana." Ta dubi mutanen. "Wannan mutum yunwa ce a fuskarsa, ba sata ba."

Na shimfiɗa buhun a kan dutse, na danna gilashin a ciki har dawar ta rungume shi. Hannun dama na tura ƙarƙashin ƙirjina na kwanta a kansa, ya yi rawarsa can. Da hagu na murza, a hankali, har gashin wuyan zalɓen ya rabu ɗaya-ɗaya. A karon farko tun safe, tsuntsu ya tsaya cak. Na zagayo da hannun hagu ta saman kyamarar, na ɗora yatsa a madanni, na riƙe numfashi. Zalɓen ya lanƙwasa wuya, ya soka baki a ruwa, ya ɗago. Na danna.

Ban duba ba. Dattijon na miƙa wa.

Ya daɗe yana kallo. Ga zalɓe tar, da ɗan kifi a gicciye a bakinsa, ɗigon ruwa na zuba. A bayansa kuwa tafkin gaba ɗaya ya zama zobban haske, sun fi na kan rufin yawa. Ya juya ga mai jar hula.

"To, ɗan'uwa, kifayen ma sace su za a yi?"

Dariya ta ɓarke. Na ji duwatsu suna faɗuwa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar ta yi ta yawo hannu-hannu, kowa na son ganin kifin. Dattijon ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Amma gobe in za ka zo, ka fara biyowa ta wurinmu." Na ce gaskiyarsa. Na ɗauki buhun na kai wa Mama har bakin injin niƙa.

Na sha ɗaukar manya da amare, amma babu hoton da nake alfahari da shi kamar wannan. Da hannu ɗaya na ɗauke shi, da mutuwa a tsaye a bayana. Abin da ranar ta koya min biyu ne: hannun da ke rawa ba yanke shi ake yi ba, abin jingina ake nema masa, kuma kafin ka saita gilashi a unguwar mutane, ka fara gaishe su.

Gilashin yana wurina har yau, da ɗan buhun dawa da na ɗinka masa. Hotunana na tsuntsaye suna rataye a otal-otal, na zalɓen kuma yana jikin bango a rumfar 'yan sintiri. Ina nan Dutse Alhaji. Hannun bai daina rawa ba, ni ma ban daina aiki ba.