Kafet ɗin Goggo Noeline a Bakin Gada

Jama'a a gyara tsayuwa, mai hula ya cire. Ga Goggo Noeline Purvis nan tafe, sarauniyar gabashin kwazazzabo, uwar tumaki da karnuka biyu, wadda ko motar katako sai ta taka birki in ta ɗaga sanda. Tsawonta bai wuce ƙofar mota ba, amma muryarta tana tsallake kogi ba sai da gada ba.

Ta girmi gadar ma. Tana budurwa aka kawo ƙarafa, aka fara miƙo rabin bakan gadar daga gabas, rabi daga yamma, kowanne an ɗaure shi ta baya da igiyoyin ƙarfe, suna reto a sama, kogi na kumfa can ƙasa. Desmond, wanda daga baya ya zama mijinta, yana cikin masu ɗaure noti a ɓangaren yamma. Ranar da rabin biyu suka haɗu, ya rarrafo ta kan ƙarfe tsirara har gefensu, wai shayi ya zo nema. Bai gama shan shayin nan ba sai da ya tsufa. Ya rasu ya bar mata gona, da jan kafet a falo wanda ko fasto sai ya tuɓe takalmi kafin ya taka.

Shi ya koya mata cewa ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya takure da sanyi, shi ya sa aka bar tsaga mai haƙora kamar mataji a bakin gadar. Tumakinta sun saba tsallake tsagar nan ba gardama, har sanyin Yulin bara, tsakiyar hunturunmu a nan, wanda ya daskarar da famfo. Gada ta takure, tsaga ta wage baki.

Ranar kuwa masu askin tumaki suna jiranta a rumfar da ke hayi, gobe za su wuce kudu. Ga hadari ya haɗo, kuma ba a aske jiƙaƙƙen ulu. In ta rasa su, tumakin za su haihu da nauyin gashi, wadda ta faɗi rigingine ba ta iya tashi.

Beryl, tsohuwar tunkiyar da ke jan garke, ta leƙa tsagar, ta hango ruwa, ta kafe. Duk garken ya kafe. Karnuka suka yi haushi har muryarsu ta dishe. Motoci suka jeru, kowane direba ya zama malamin kiwo. Wani mai tanki ya ce a ɗauke su ɗai-ɗai a tsallakar.

"To bismillah, ɗan nan, fara da waccan mai ciki," in ji Goggo. Ya koma motarsa ya rufe gilashi.

Ta dubi sama, ta dubi Beryl, ta ja tsaki. Ta hau babur ɗinta mai ƙafa huɗu ta nufi gida, sai ga ta da jan kafet a naɗe. Ta shimfiɗa shi a kan tsagar da hannunta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Beryl ta sansana, ta taka a hankali kamar amarya, sauran suka bi ta a guje, kowacce tana barin tsarabarta a kai. Ta ƙarshe na shiga rumfa aka fara yayyafi.

Ni ɗan ƙaninta ne, don haka na same ta da yamma a gaban murhu na ce, "Goggo, wannan sai a kafa miki gunki a bakin gada, ni zan yi jawabi."

Ko kallona ba ta yi ba.

"Ka gama? Matsa, kana tare mini wuta."