Ranar da Ofis Bai Neme Ni Ba

Ranar ɗaurin auren ɗiyata ba za ta taɓa fita raina ba, kuma ba don auren ba.

Shekaru kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula, ma'aikatarmu da ke GRA ta samu manhajar rajistar ma'aikata. Ni na kafa ta. Adireshin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, kalmar sirri, har yawan rahoton da manhajar ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta, duk na dasa su cikin rubutunta. Kome za a sauya, sai an neme ni, Malam Lawal. Darakta kan aiko direba har Ƙofar Marusa a ɗauko ni, maƙwabta na kallo. Ina jin daɗin wannan ƙwarai.

Sai aka turo mana Murja, wadda na fi da mataki biyu. Ta kwashe saitunan daga cikin manhajar ta mayar da su jikin na'urar da manhajar ke aiki a kanta, abin da muke kira env: kowane saiti da sunansa, manhaja ta karanta su idan ta tashi. Ka sauya ɗaya, ka sake tayar da ita, shi ke nan.

Darakta ya ce, "Lawal, ka ga hwa aiki!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu dai gani." Kishi ya cika ni har wuya.

Auren ya faɗo wata Juma'a da ake tantance ma'aikata, irin ranar da manhajar ta saba shaƙewa. Na cika wayata da caji na sa a aljihun gaba. Har na tsara yadda zan miƙe cikin jama'a in ce, "Ku yi haƙuri, ofis ba su iyawa sai da ni." Aka shafa fatiha, aka raba goro, aka ci waina. Waliyyin ango na yi mini magana, ni hankalina na kan aljihu. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Ranar Litinin na tambayi Murja, kamar ban damu ba, "An dai gama lahiya?"

Ta ce, "Manhajar ta tsaya hwa, Malam. Na ƙara saitin rahoto, na ga sabar ce ta cika, na juya manhajar kan wata sabar. Darakta ya ce a kira ka, na ce mashi a bar ka ka aurar da ɗiyarka cikin natsuwa."

Na yi mata godiya, don ya zama dole.

A aikin nan, gwani shi ne wanda ya gyara abu yadda ba za a sake nemansa ba. Na yarda da haka, har ina koya wa na baya. Amma alherin da Murja ta yi mini ranar nan, har na yi ritaya ban gama yafe mata ba.